Carl June

Carl H. June (an haife shi a shekarar 1953) likita ne ɗan ƙasar Amurka, masanin garkuwar jikin ɗan Adam, kuma mai bincike a kan cutar sankara. Farfesa ne a Makarantar Koyon Aikin Likita ta Perelman da ke Jami'ar Pennsylvania a birnin Filadelfiya, inda yake shugabantar cibiyar da ke nazarin yin magani da ƙwayoyin garkuwar jiki. An fi saninsa da jagorantar tawagar da ta samar da maganin tisagenlecleucel, wanda kamfanin Novartis ke sayarwa da sunan Kymriah. A ranar 30 ga watan Agusta, 2017, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wannan magani. Shi ne na farko a jerin magungunan da ake kira CAR-T, kuma shi ne magani na farko da aka amince da shi a Amurka wanda ake yi ta hanyar sauya ƙwayoyin gado na majiyyaci.

A wannan hanya ana ɗebo wani rukuni na fararen ƙwayoyin jinin mara lafiya, a sauya musu tsari a ɗakin gwaje-gwaje domin su iya gane ƙwayoyin sankara, a yawaita su, sannan a mayar da su jikinsa. Ba June ne ya fara kawo wannan tunani ba, amma gwajin da tawagarsa ta yi daga shekarar 2010 yana cikin waɗanda suka fara tabbatar da cewa hanyar na iya kawar da sankarar jini a jikin mutanen da sauran magunguna suka gaza a kansu.

Rayuwar farko da karatu

An haifi June a birnin Denver na jihar Colorado. Ya kammala makarantar sakandare a lokacin yaƙin Biyetnam, sa'ad da gwamnatin Amurka ke ɗaukar matasa aikin soja ta hanyar ƙuri'a. Ya shiga Kwalejin Sojojin Ruwa ta Amurka da ke Annapolis, ya kammala a shekarar 1975. Rundunar ce ta ɗauki nauyin karatunsa na likita a Kwalejin Baylor da ke Houston, inda ya samu digirinsa a 1979. Kafin ya kammala, ya yi zaman ƙaro ilimi daga 1978 zuwa 1979 a cibiyar binciken garkuwar jiki ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Janeba, a ƙarƙashin Paul-Henri Lambert, inda ya yi nazarin garkuwar jiki da zazzaɓin cizon sauro.

Bayan ya yi horon ƙwarewa a asibitin sojojin ruwa da ke Bethesda, rundunar ta tura shi Cibiyar Binciken Sankara ta Fred Hutchinson da ke Seattle daga 1983 zuwa 1986, domin ya koyi dashen ɓargo. A lokacin ana cikin yaƙin cacar baka, kuma rundunar na son ta mallaki likitocin da za su iya kula da sojojin da tururin nukiliya ya lalata wa ɓargo. A Seattle ya yi aiki da E. Donnall Thomas, wanda ya samu kyautar Nobel a 1990 saboda dashen ɓargo, da kuma John Hansen. A nan ya ga yadda ƙwayoyin T na wanda ya ba da ɓargo ke iya kashe sankarar jini a jikin wanda aka dasa wa, da kuma yadda su ɗin dai ke iya juyawa su far wa fata da hanta da hanjin majiyyacin har su hallaka shi. Wannan ƙarfi mai fuska biyu na ƙwayoyin T shi ne ya zama tushen bincikensa na gaba.

Aiki a rundunar sojin ruwa

Da ya koma Bethesda, June ya kafa shirin nazarin ƙwayoyin garkuwa a cibiyar binciken lafiya ta rundunar, kuma ya shugabanci sashen nazarin garkuwar jiki daga 1990 zuwa 1995. Ya bar aikin soja a 1996 bayan shekaru 21.

Bincikensa na farko da ya yi tasiri shi ne a kan wani furotin mai suna CD28 da ke jikin ƙwayar T. Ƙwayar T ba ta tashi yaƙi da sigina guda. Na farko yakan zo ne idan ta gane baƙon abu, na biyu kuma shi ne yake ba ta izinin rarrabuwa da ci gaba da rayuwa. Idan babu na biyun, sai ta yi sanyi ko ta mutu. A wata maƙala ta 1987, June da abokan aikinsa, ciki har da Jeffrey Ledbetter da Craig Thompson, sun nuna cewa CD28 na aika sigina ta wata hanya dabam, wadda maganin cyclosporine mai danne garkuwar jiki ba ya iya toshewa.

Daga wannan ilimi ne June da Bruce Levine suka ƙirƙiro wasu ƙananan duwatsu masu maganaɗisu, girmansu kusan na ƙwayar jini, waɗanda aka lulluɓe da sinadaran da ke taɓa CD3 da CD28 a lokaci guda. Idan aka zuba su cikin ƙwayoyin T a ɗakin gwaji, ƙwayoyin sukan ɗauka sun haɗu da abokin gaba, sai su yi ta ninkuwa. Bayan haka sai a janye duwatsun da maganaɗisu. Wannan dabara ta warware wata tsohuwar matsala, wato yadda za a samu ƙwayoyin T masu yawa da lafiya daga jinin mutum guda, kuma har yanzu ana amfani da ita a ɗakunan bincike da masana'antun magani.

Binciken cutar ƙanjamau

Tun da kuɗin binciken rundunar ya fi karkata ga cututtuka masu yaɗuwa, June ya fara gwada dabarunsa ne a kan ƙwayar cutar HIV, wadda ke kashe ƙwayoyin T masu ɗauke da CD4. A 1996 shi da Levine sun wallafa a mujallar Science cewa za a iya yawaita waɗannan ƙwayoyi daga jinin masu ɗauke da cutar. A ƙarshen shekarun 1990 ya shiga gwaje-gwajen da aka yi tare da kamfanin Cell Genesys, inda aka ba masu HIV ƙwayoyin T da aka sauya wa tsari. Maganin bai kawar da cutar ba, amma rahoton da aka fitar a 2012 ya nuna cewa ƙwayoyin sun rayu a jikin mutanen fiye da shekaru goma ba tare da sun haifar da sankara ba.

Aikin HIV ya kuma ba shi wani makami. Masana sun gano cewa idan aka cire wa ƙwayar HIV sassan da ke sa ta yaɗuwa da cutarwa, abin da ya rage na iya zama abin dakon saƙo, domin ta ƙware wajen shiga ƙwayar T da dasa bayaninta a cikin ƙwayoyin gado. A 2006 tawagar June ta ba da rahoton gwaji na farko da aka yi wa mutane da irin wannan abin dako, a kan majiyyata biyar. A 2014 kuma, tare da Pablo Tebas da kamfanin Sangamo, sun wallafa sakamakon gwajin da aka yi wa mutane 12, inda aka lalata ƙwayar gado ta CCR5, wato ƙofar da HIV ke bi ta shiga ƙwayar T.

Komawa Pennsylvania

June ya koma Jami'ar Pennsylvania a shekarar 1999. A watan Satumbar wannan shekarar ne wani matashi ɗan shekara 18 ya rasu a wani gwajin sauya ƙwayoyin gado da wata tawaga dabam ta gudanar a jami'ar. Rasuwar ta sa hukumomi sun tsaurara dokoki, masu ba da kuɗin bincike kuma suka ja baya daga fannin baki ɗaya na tsawon shekaru.

A wannan tsakani ne matarsa ta farko ke fama da sankarar ƙwan mahaifa, wadda aka gano a 1996, ta kuma rasu a 2001. June ya sha faɗa a hirarraki cewa rashin ne ya sa ya mayar da hankalinsa daga nazarin ɗakin gwaji zuwa gwada magani a jikin masu sankara.

Yadda CAR-T ke aiki

CAR gajarcen suna ne na Turanci da ke nufin haɗaɗɗen makarɓi mai gane alama. Harafin farko ya samo asali daga kimera, wata dabba a tatsuniyoyin Girkawa mai kan zaki da jikin akuya da wutsiyar maciji. An zaɓi sunan ne domin shi ma makarɓin haɗin gambiza ne na sassan da ba a samunsu tare a halitta.

Sashen da ke wajen ƙwayar an ɗauko shi ne daga antibodi, wato sinadarin kariya da ke manne wa takamaimiyar alama. Sashen tsakiya yana ratsa fatar ƙwayar. Sashen ciki kuma yana ɗauke da na'urorin aika sigina guda biyu: CD3-zeta da ke ba da umarnin kisa, da wani na biyu da ke ba ƙwayar ƙarfin ninkuwa da daɗewa. A Kymriah na biyun shi ne 4-1BB, a wasu magungunan kuma CD28 ne. Alamar da ake farauta ita ce CD19, furotin da ke jikin ƙwayoyin B, masu lafiya da masu sankara.

Ana farawa da haɗa majiyyaci da wata na'ura da ke tace fararen ƙwayoyin jini ta mayar masa da sauran jinin. Sai a daskarar da ƙwayoyin a kai su masana'anta, a farkar da su, a saka musu bayanin makarɓin ta hanyar gurguntacciyar ƙwayar bairos, a bar su su yawaita. Aikin kan ɗauki makonni uku zuwa huɗu. Kafin a mayar da su, akan ba majiyyacin maganin kemoterafi na 'yan kwanaki domin a rage ƙwayoyin garkuwar da ke jikinsa, sababbin su samu wurin zama. Ana ɗura su ta jijiya, yawanci sau ɗaya tak. Bambancinsu da sauran magunguna shi ne suna da rai: suna ninkuwa idan sun haɗu da sankara, kuma wasunsu na zama a jiki na shekaru suna gadi.

Waɗanda suka share fage

Masanin Isra'ila Zelig Eshhar na Cibiyar Weizmann ne ya wallafa ayyukan da suka kafa tushen fannin a 1989 da 1993. Makarɓan farko ba su da sigina na biyu, saboda haka ƙwayoyin ba sa daɗewa a jiki, kuma gwaje-gwajen farko a kan masu sankara ba su yi nasara ba. A 2002 ɗakin binciken Michel Sadelain a cibiyar Memorial Sloan Kettering da ke New York ya nuna amfanin ƙara CD28, a 2003 kuma ya nuna cewa farautar CD19 na warkar da ɓeraye. A 2004 Chihaya Imai da Dario Campana na asibitin yara na St. Jude da ke Memphis suka wallafa tsarin makarɓi mai 4-1BB. A 2010 tawagar Steven Rosenberg da James Kochenderfer a Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta ba da rahoton wani mai sankarar kaluluwa da cutarsa ta ja baya sosai bayan an ba shi ƙwayoyin da ke farautar CD19.

Gudummawar tawagar June ita ce haɗa makarɓi mai 4-1BB da abin dako da aka samo daga HIV da dabarar duwatsun maganaɗisu, sannan ta kai haɗin ga majiyyata. Michael Milone ne ya jagoranci gwajin wannan tsari a kan ɓeraye, aka wallafa a 2009.

Gwajin 2010

Cibiyar Sankara ta Ƙasa ba ta ba da kuɗin gwajin farko ba. Tallafin ya fito ne daga ƙungiyoyin agaji, musamman Alliance for Cancer Gene Therapy da Leukemia and Lymphoma Society, kuma kuɗin bai wuce na majiyyata uku ba. Dukkansu maza ne manya masu nau'in sankarar jini mai tafiya a hankali da ake kira CLL, waɗanda cutarsu ta daina jin magani. Likita David Porter ne ya kula da su, Levine ya sarrafa ƙwayoyin, Michael Kalos kuma ya bibiyi abin da suke yi a cikin jini.

Bayan ɗurin, majiyyatan sun kamu da zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, har aka kwantar da na farko a sashen kulawa ta musamman. Da ciwon ya lafa aka duba ɓargonsa, ba a ga sankara ba. A ƙarshe biyu daga cikin ukun cutarsu ta ɓace gaba ɗaya, na ukun kuma ta ragu. An wallafa sakamakon a watan Agustan 2011 a mujallu biyu, New England Journal of Medicine da Science Translational Medicine. Rahotannin sun nuna cewa ƙwayoyin sun ninku fiye da sau 1,000 a cikin jiki, kuma an ci gaba da ganinsu watanni bayan ɗurin. Ko da yake adadin majiyyatan kaɗan ne, sakamakon ya jawo hankalin masana da kamfanoni, kuma a watan Agustan 2012 Novartis ta ƙulla yarjejeniya da jami'ar domin mayar da binciken magani.

Yarinya ta farko da guguwar sitokin

A watan Afrilun 2012 aka ba yaro na farko wannan magani a Asibitin Yara na Filadelfiya, a ƙarƙashin kulawar likita Stephan Grupp. Yarinya ce 'yar shekara shida mai sankarar jini mai saurin yaɗuwa da ake kira ALL, wadda cutarta ta dawo har sau biyu. Kwanaki kaɗan bayan ɗurin sai zazzaɓinta ya yi tsanani, jininta ya sauka ƙwarai, aka sa mata na'urar numfashi. Gwajin jini ya nuna cewa wani sinadarin aika saƙo na garkuwar jiki, IL-6, ya hauhawa fiye da kima.

June ya san wani magani mai suna tocilizumab da ke toshe aikin IL-6, domin 'yarsa na fama da ciwon sanyin gaɓoɓi na yara, wanda yana cikin cututtukan da ake ba da maganin dominsu. Ba a taɓa amfani da shi a irin wannan hali ba, amma likitocin suka ba yarinyar. Cikin sa'o'i zazzaɓin ya sauka, bayan kwanaki ta farfaɗo, kuma binciken ɓargo ya nuna sankarar ta tafi. A 2022 ta cika shekaru goma cutar ba ta dawo ba.

Wannan lamari ya yi tasiri a kan fannin gaba ɗaya. Da yarinyar ta rasu, akwai yiwuwar a dakatar da gwajin. Maimakon haka sai likitoci suka fahimci sababin wannan ciwo, wanda ake kira guguwar sitokin, suka kuma samu maganinsa. A ranar da FDA ta amince da Kymriah ta amince da tocilizumab domin magance wannan matsala.

Daga gwaji zuwa amincewa

A 2013 mujallar Science ta zaɓi yaƙar sankara da garkuwar jiki a matsayin babban ci gaban kimiyya na shekarar. A 2014 Shannon Maude da Grupp da June da abokan aikinsu suka ba da rahoton majiyyata 30 masu ALL, yara da manya, inda cutar ta ɓace a jikin 27 daga cikinsu. Novartis ta faɗaɗa gwajin zuwa cibiyoyi 25 a ƙasashe 11 a wani bincike mai suna ELIANA. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa daga cikin yara da matasa 75 da aka ba maganin, kashi 81 cikin 100 cutarsu ta lafa cikin watanni uku. Kashi 77 cikin 100 sun yi fama da guguwar sitokin, kashi 40 kuma sun samu matsalar ƙwaƙwalwa kamar ruɗewa ko farfaɗiya.

A watan Yulin 2017 kwamitin masu ba FDA shawara ya kaɗa ƙuri'a 10 ba hamayya domin a amince da maganin. Amincewar ta shafi 'yan shekara 25 zuwa ƙasa waɗanda cutarsu ta ƙi jin magani ko ta dawo sau biyu ko fiye. A watan Mayun 2018 aka ƙara da wani nau'in sankarar kaluluwa ta manya, Tarayyar Turai kuma ta amince da shi a watan Agustan wannan shekarar.

Tasirinsa a fagen ilimi

Maƙalun 2011 da 2013 da 2014 suna cikin ayyukan da masu bincike a wannan fanni suka fi kafa hujja da su. Bayan Kymriah, FDA ta amince da Yescarta a 2017, Tecartus a 2020, Breyanzi da Abecma a 2021, Carvykti a 2022, da Aucatzyl a 2024. Abecma da Carvykti suna farautar wata alama ce dabam, BCMA, domin maganin sankarar ɓargo da ake kira mayeloma.

Tawagarsa ta ci gaba da bibiyar majiyyatan farko. A 2022 Joseph Melenhorst da June da sauransu suka wallafa a mujallar Nature cewa mutane biyun da suka warke a 2010 sun kai shekaru goma ba tare da sankarar ta dawo ba, kuma har lokacin akwai sauyayyun ƙwayoyin a jininsu, mafi yawansu masu ɗauke da CD4. Ɗaya daga cikinsu ya rasu a farkon 2021 sakamakon cutar korona. A 2018 kuma tawagar ta ba da rahotanni biyu masu muhimmanci. Na farko ya shafi wani majiyyaci da kusan dukkan ƙwayoyin da suka warkar da shi suka fito daga ƙwaya guda, wadda bayanin makarɓin ya faɗa cikin ƙwayar gadonta ta TET2. Na biyu ya shafi wani matashi da bayanin ya shiga ƙwayar sankara guda bisa kuskure a lokacin sarrafawa, abin da ya ɓoye mata alamar CD19, cutar ta dawo ta yi ajalinsa.

A watan Fabrairun 2020, tare da Edward Stadtmauer, June ya wallafa a Science sakamakon gwaji na farko a Amurka da aka ba masu sankara ƙwayoyin T da aka gyara da fasahar CRISPR. Majiyyata uku ne, biyu masu mayeloma, ɗaya mai sankarar tsoka da nama. Manufar gwajin ita ce a ga ko hanyar ba ta da haɗari, kuma ƙwayoyin sun rayu a jikinsu na watanni.

Tasirin aikin ya wuce sankara. Tare da Jonathan Epstein, an nuna a 2019 cewa ƙwayoyin CAR-T na iya rage tabon da ke sandarar da zuciya a jikin ɓeraye. A 2022 suka nuna cewa za a iya samar da ƙwayoyin a cikin jikin ɓeran kansa ta hanyar allurar mRNA, irin fasahar da aka yi wasu rigakafin korona da ita, ba tare da an fitar da jini zuwa masana'anta ba. A Jamus, tawagar Georg Schett a Erlangen ta fara amfani da ƙwayoyin da ke farautar CD19 a 2021 wajen maganin cutar lupus, inda garkuwar jiki ke far wa mai ita.

June ya horar da masana da dama da suka kafa nasu ɗakunan bincike, ciki har da Marcela Maus ta asibitin Massachusetts General da ke Boston. Yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Tmunity a 2015, wanda Kite ta saya, da kamfanin Capstan, wanda AbbVie ta saya a 2025.

Taƙaddama da ƙalubale

An yi shari'a a kan wanda ya mallaki tsarin makarɓi mai 4-1BB. Asibitin St. Jude da kamfanin Juno Therapeutics sun ce tsarin da aka yi amfani da shi a Pennsylvania ya samo asali ne daga aikin Campana, wanda aka ba June bisa yarjejeniya. An sasanta a watan Afrilun 2015, inda Novartis ta amince ta biya Juno dala miliyan 12.25 tare da wani kaso na ciniki a nan gaba. A 2016 aka yi gyara ga maƙalun da suka fito a New England Journal of Medicine domin a ambaci gudummawar Campana da St. Jude.

Maganin yana da illoli. Ban da guguwar sitokin da matsalar ƙwaƙwalwa, yana kashe ƙwayoyin B masu lafiya tare da masu sankara, don haka majiyyata da yawa na buƙatar a riƙa ɗura musu antibodi domin kare su daga cututtuka. A jikin wasu kuma sankarar kan dawo bayan ta daina nuna alamar CD19. A watan Janairun 2024 FDA ta umarci kamfanoni su sa gargaɗi a kan waɗannan magunguna game da yiwuwar kamuwa da sankarar ƙwayoyin T, ko da yake hukumar ta ce amfaninsu ya rinjayi haɗarinsu.

Nasarar da aka samu a sankarar jini ba ta maimaitu da sauƙi ba a sankara mai ƙari, kamar ta huhu da nono da ƙwaƙwalwa. Dalilan sun haɗa da wahalar samun alamar da ke jikin ƙarin kaɗai ba tare da tana jikin sassa masu lafiya ba, da wahalar kutsawa cikin ƙarin, da kuma sinadaran da ƙarin ke fitarwa masu gajiyar da ƙwayoyin T. Ɗakin binciken June ya gwada farautar alamar mesothelin, abokan aikinsa kuma sun gwada wasu alamomi a sankarar ƙwaƙwalwa.

Tsada ma babbar matsala ce. An sa wa Kymriah farashin dala 475,000 a 2017, ban da kuɗin kwanciya da kulawa a asibiti. Tun da ana sarrafa maganin kowane mutum daga jininsa, kuma ana buƙatar sashen kulawa ta musamman a kusa, yawancin cibiyoyin da ke ba da shi suna ƙasashe masu arziki ne. Wasu ƙasashe sun nemi tasu hanyar: Sifaniya ta amince da ARI-0001 da wani asibitin gwamnati a Barcelona ya samar a 2021, Indiya kuma ta amince da NexCAR19 a watan Oktoban 2023, a kan farashin da ya yi ƙasa sosai da na Amurka.

Lambobin yabo

An zaɓi June a Cibiyar Likitanci ta Ƙasa ta Amurka a 2012, da Cibiyar Fasaha da Kimiyya ta Amurka a 2014, da Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa a 2020. Ya samu lambar William B. Coley a 2012, da kyautar Paul Ehrlich da Ludwig Darmstaedter ta Jamus a 2015 tare da James Allison. A 2018 mujallar Time ta sa shi cikin mutane 100 mafiya tasiri a duniya, kuma a wannan shekarar ya raba kyautar Cibiyar Lafiya ta Albany da Allison da Rosenberg. A 2021 ya raba kyautar Dan David da Eshhar da Rosenberg, a 2022 kuma ya samu kyautar Keio ta Japan. A 2023 kamfanin Clarivate, wanda ke ƙididdige yawan ambaton maƙalun kimiyya, ya sa sunansa tare da Rosenberg da Sadelain cikin masanan da tasirin aikinsu ya kai matakin Nobel. Shi da Sadelain ne suka samu kyautar Breakthrough ta 2024 a fannin kimiyyar rayuwa, wadda darajarta ta kai dala miliyan 3.